Tsohon da Bai Taɓa Sayen Tsire Ba

Akwai wani mutum mai tsire, wanda ya kafa tukubarsa a gindin tsamiya a bakin kasuwa. Ba shi da komai sai wuƙa da itace da yaji. Amma duk wanda ya tsaya a gabansa, sai ya yanka masa ɗanɗano, ya dangwala a yaji, ya miƙa masa, ko zai saya ko ba zai saya ba. Da ya tsufa ya bar wa ɗansa sana'ar, ɗan ma ya bi sawunsa. Wuri ya yi albarka, inuwar tsamiya ta zama rumfa, rumfa ta zama shago mai rufin kwano. Daga nan jika ya gada.

Jikan nan akwai kuzari! Ya sa aka rubuta tarihin gidan a bango da jan fenti, ya rataya hoton kakansa a sama.

To, akwai wani tsoho, Habila, wanda tun zamanin kakan yake zuwa kowace ranar kasuwa. Ya karɓi ɗanɗano, ya lumshe ido, ya ce, "Kamar gishiri bai ji ba, ƙaro in tabbatar." Ya ci na biyu, ya yi gaba. Ko tsinke ɗaya bai taɓa saya ba.

Ran nan jikan ya ce, "Baba, shanu nawa ka cinye mana a ɗanɗano?"

Habila ya ce, "Ɗana, ni ci ne aikina, ƙirga naku ne."

"To, daga yau ba ɗanɗano ga kowa. Mai son sanin daɗin namanmu, ga tarihi a bango."

"Tarihin da albasa ake ba da shi?" in ji tsohon. Ya tsallaka titi wurin wani mai tsire.

Ba a daɗe ba mutane suka janye. Nama ya riƙa kwana, benci ya yi ƙura. Jikan ya ga shagon da kakansa ya kafa zai mutu a hannunsa. Sai ya je wurin kakarsa, matar marigayin, ya kai kuka.

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Maigidana, ka kori Habila? Ashe ban yi dacen miji ba! Ran kasuwa ka bi shi a baya, ka buɗe idonka."

Ran kasuwa ya bi shi. Habila ya ci ɗanɗano a tsallaken titi, ya kutsa cikin masu hatsi da masu tukwane, leɓe yana ƙyallin mai, gemu duk yaji, yana tsotsar yatsa da ƙarfi yana cewa, "Wayyo tozon yau! Wayyo Allah!" Mutane suka haɗiyi yawu, suna tambaya, "Baba, a ina?" Ya nuna musu da haɓa. Sai ga jama'a yuu, sun nufi can!

Jikan ya ruga shago, ya yanko tozo mafi kyau, ya tare tsohon a tsakiyar kasuwa, ya durƙusa. Habila ya ce, "Cikina ya cika, amma saboda kakanka zan nema masa wuri." Ya ci, ya shiga tsotsar yatsa yana nuna shagon jikan da haɓa. Kafin la'asar ba sauran tsinke a tukubar!

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Shagon shi ne bangaskiyar da iyayenmu suka bar mana. Rubutun bango shi ne fahariyarmu: "Kakana ne ya aza harsashin majami'ar nan." Madalla da kakanka! Amma maƙwabcinka ba zai ƙoshi da wannan ba. Ɗanɗanon shi ne alherin da ake yi wa wanda ba zai iya rama mana ba, kamar yadda Ubangiji ya yi mana tun ba mu ba shi komai ba. Habila kuwa shi ne mutumin nan da ka gaji da shi, mai zuwa daidai lokacin tuwo. Na ga wasunku suna kallon juna, ku bar kallon! Allah yakan yi shelar alherinsa da bakin da ka ciyar. Saboda haka in ka ji sallamarsa yau bayan sujada, kada ka tura tukunya ƙarƙashin gado. Ka ƙara masa miya.