Afuwar Da Aka Nema A Makare

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a ƙauyenmu na nan kudancin Masar, manomin rake. Ba zan kama sunansa ba. Mai salla ne, mai azumi. Wata rana rigima ta haɗa shi da yayansa Rifa'i a kan ruwan ban gona, ya kira shi ɓarawo a gaban jama'a. Daga baya ta bayyana ba Rifa'i ne ya karkatar da ruwan ba.

Ya san laifinsa, ya kuma yi niyyar neman afuwa. Gidan Rifa'i yana tsallaken kogin Nilu, kwalekwale ɗaya ne tsakaninsu. Ya ce sai an gama yankan rake. Aka gama, ya ce bayan azumi. Salla ta wuce, ya ce zafi ya yi yawa.

Matarsa Nawal ta ce, "Baban Mamduhu, hajji za ka ne? Kogin nan fa ko akuya tana hayewa!"

Ya ce, "Ke dai zuba shayi. Wallahi ni ma ban san abin da ke riƙe ni ba."

Gaskiya ya faɗa. Yakan je har bakin ruwa ya juyo. Lalaci ne? Mutumin da ke yini a gona? Kunya ce, 'yan uwa, da tsoron haɗa ido. Shaiɗan bai taɓa ce masa kar ya je ba. Gobe kawai yake ce masa.

Shekaru suka shuɗe kafin ya haye. Ya tarar da Rifa'i a zaune, tsufa ya tafi da hankalinsa.

"Yaya, ni ne ƙanenka. Ka yafe mini."

Rifa'i ya ƙura masa ido. "Ƙanena yaro ne, yana can wajen shanu. Kai baƙo, me ka yi mini?"

Ya ba shi labarin duka yana kuka. Tsohon ya yi dariya ya ce, "To, na yafe. An ba ka abinci?"

Da ya sake komawa, Rifa'i ya kore shi da sanda. Wani zuwan ya rungume shi, yana kiransa da sunan mahaifinsu. A haka Allah ya karɓi ran Rifa'i.

Mutumin ya zo mini masallaci ya ce, "Malam, wanda bai san ni ba, yafewarsa ta yi?" Ya bar gona ta bushe. Har ya mutu yana tare mutane a hanya da tambayar nan.

Ya 'yan uwa, wa ya ba ku tabbacin wanda kuka ɓata wa zai jira ku da hankalinsa? Kunyar ba ta raguwa da jira, ƙaruwa take yi. Wanda ke da irin wannan a wuyansa, in an sallame ya nufi can kafin ya nufi gida.

Allah ya kiyaye mu da jinkirta alheri, ya sa mu gama da juna lafiya. Amin.