Mutum Nawa Ne a Kujerar Nan?

An yi wata mai ɗinki, Tasalla 'yar Gumel, da ke zaune a Dubai. Cikinta ya tsufa, likita ya ce yaron ya kwanta a gicciye, sai an yi mata tiyata. Ta tafi kamfanin inshorar lafiyarta, manaja ya karkace kai ya ce:

"Inshorarki ta mutum ɗaya ce. Wannan aiki don yaron za a yi, mu kuwa ba mu san da shi ba. Ki kawo shi nan a yi masa rajista, sannan mu biya."

"Ranka ya daɗe, ai fitowar ce ta gagara."

"Dokarmu ke nan."

Tasalla ta gyara mayafi, ta ja kujera ta zauna daram. "To, ga shi na kawo. Bismilla."

Manaja ya ce, "Ni ban ga yaro ba."

"Duba da kyau dai. Mu nawa ne a kujerar nan?"

"Ke kaɗai ce."

"Madalla. Ni kaɗai ce, ni za a yanka, ni ce kuma mai inshorar. Sai ku biya."

Ya yi wuf ya ce, "A'a, ku biyu ne."

"Ashe ka gan shi. To yi masa rajistar. Ka ce a kawo shi, an kawo."

Manaja ya jawo hatimi ya buga a takardar biyan kuɗin.

Tasalla ta miƙe da ƙyar, tana dafe da ƙugu. "In ya fito lafiya zan kawo shi ya gaishe ka. Ko likita sai da na'ura ya gan shi, kai kuwa da ido."