Kwalaben Baƙi a Kabad ɗin Falo

An yi wani mutum a nan garinmu Taraz. Ba zan faɗi sunansa ba, domin wasunku sun ci abinci a gidansa. Mai sayar da kayan gini ne, kuma Juma'a ba ta wuce shi. A falonsa akwai kabad ɗin gilashi, irin wanda ke gidajen da yawa daga cikinku, a bayan kofunan tangaran kuma kwalaben giya ne a jere. In an yi masa magana sai ya yi dariya ya ce, "Ni ai ba na sha, na baƙi ne."

Yana da ƙane mai suna Oljas, wanda giya ta taɓa kayarwa. Ya sha ya yi faɗa a bakin kasuwa, ya karya wa wani muƙamuƙi. Alƙali ya yanke masa ɗauri, amma ya jingine hukuncin bisa sharaɗi. Zai zauna a gidan yayansa, ba zai kusanci giya ba, kuma jami'in sa ido zai riƙa leƙowa ba sanarwa. In ya saɓa, sai gidan yari. Mutumin nan da bakinsa ya ce ya ɗauki amana.

Oljas ya shiryu, wallahi ya shiryu. Na sha ganinsa a sahun masallacin nan da asuba, cikin ƙanƙarar da ke hana wasunku fitowa. Wata rana ya ce wa yayansa, "Yaya, don Allah ka fitar da kwalaben nan. Duk wucewar da zan yi sai idona ya kai kansu."

"To ka daina kallo mana," in ji shi. "Baƙo ya zo ya tarar ba abin zuba masa, ka san abin da za a ce da ni a garin nan?"

Mahaifiyarsu ma ta roƙe shi har da hawaye. Ya ce mata to, kuma bai taɓa ko ɗaya ba.

Sai aka zo neman auren 'yarsa. Masu neman 'yan gidan mutunci ne, don haka ya ɓoye musu maganar Oljas. Aka yanka rago, aka ajiye kan a gaban dattijon baƙi, aka cika tebur. Kun san al'adarmu, ƙaramin namijin gida shi ke zuba wa manya. Aka buɗe kabad, aka damƙa kwalba a hannun Oljas.

Ya 'yan uwa, wannan ita ce amanar da aka ɗauka a gaban alƙali?

Dattijon ya miƙe ya sa albarka, sai ya ga kofin mai zubawa wayam. Ya ce, "Kai ƙanen uba, auren ne ba ka so, ko mu ne ba mu yi maka ba?" Aka bushe da dariya. Oljas ya dubi yayansa. Da yayan ya ce ƙanena ba ya sha, da magana ta ƙare. Amma ya ji tsoron a tambayi dalili. Ya sunkuyo ya raɗa masa, "Kurɓa ɗaya ce. Kada ka kunyata ni a gaban surukai."

Ya kurɓa. Kowane baƙo ya miƙe da nasa fatan alheri, kowane fata kuma da kofinsa. Kafin la'asar Oljas yana tangaɗi, yana waƙa, ya kifar da farantin nama. A nan ne jami'in sa ido ya buga ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi teburin, ya kira Oljas da cikakken sunansa, ya tuna masa sharaɗin alƙali a gaban kowa.

Surukai suka tashi ko shayin sallama ba su sha ba, kuma ba su dawo ba. Alƙali ya tabbatar da ɗaurin. Da za a fita da Oljas, ya waiwayo ya ce, "Yaya, ai na ce maka ka fitar da su."

Mahaifiyarsu ta koma wurin wata ƙanwarsu, ta daina ambaton sunan babban ɗan nata. 'Yarsa ta daina haɗa ido da shi. Labari ya bazu, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ya zauna shi kaɗai a falon nan, ga baƙin ciki, ga kabad a gabansa. Mutumin da ke cewa ba ya sha, shi ya shanye sauran kwalaben, ya sayo wasu. Shago ya rufe. Ganina da shi na ƙarshe a tashar bas ne, ya kau da kai don kada in gane shi. Na gane shi, kuma har yau abin na ci mini rai.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce ajiyewa kawai na yi. Wanda ya ajiye haram a gidan da mai rauni ke ƙoƙarin tuba, da hannunsa a cikin faɗuwarsa. Mutumin nan ya ji kunyar baƙo, bai ji kunyar Ubangijinsa ba, sai ya rasa baƙon, ya rasa ƙanen. Kai da ke zaune nan, me ke bayan kofunan kabad ɗinka? Wa ke wucewa ta gabansa kullum yana kau da ido?

Allah ya sa a saki Oljas da imaninsa, ya shiryi yayansa tun da sauran numfashi. Allah ya kiyaye mu daga zama sanadin faɗuwar waɗanda aka ba mu amanarsu. Amin.