Sunan Wa Za a Raɗa wa 'Yar Kallamu?

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Labarin yau ba na zamanin da ba ne, na jiya-jiyan nan ne, kuma idan na kai ƙarshensa ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke.

A ƙauyen Rafin Marke akwai wani manomin riɗi, sunansa Kallamu. Mutum ne mai sanyin jiki, irin wanda ko ruwan sama ya tsuge ba ya ƙara sauri, sai dai ya cire hularsa ya sa a aljihu. Da fetur ya yi tsada, sai ya sayar da tsohon babur ɗinsa ya sayo mai aiki da lantarki, wanda ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Mutanen gari suka laƙaba wa babur ɗin suna Munafuki, don ba a jin zuwansa, sai dai a gan shi a bayan mutum. Aibinsa ɗaya ne: cajar da ya zo da ita daga kamfani, in aka jona ta da hantsi, sai la'asar sakaliya batir zai cika. Wannan bai taɓa damun Kallamu ba, don halinsu ya zo ɗaya da babur ɗin.

Wadda abin ya dama ita ce Suwaiba, 'yar kawunsa, abokiyar wasansa tun suna yara. Ta koyi aikin sola da lantarki, tana da shagonta a birni. Wata rana da ya kai riɗi kasuwa ya biya ta wurinta, ta zagaya babur ɗin tana taɓe baki.

Ta ce, "Allah mai haɗa kowa da daidai shi. Malalaci ya hau malalaci."

Ya ce, "Ina za ni da zan yi gaggawa? Ke dai ba ni ruwa in sha."

Ta ba shi ruwa, ta karɓi makulli wai za ta ɗan zagaya ta dawo. Da ta dawo ta shige da babur ɗin cikin shago, ta ce ya hau mota ya tafi, sai ta neme shi. Ta kwance babur ɗin, ta sauya siraran wayoyinsa da masu kauri, ta sa masa sabon soket, ta haɗa masa wata 'yar na'ura mai jin zafin batir, wadda za ta yanke wuta da kanta kafin ya kama da gobara. Gwajin farko wuta ta tartsa ta ƙona mata yatsa, tabon yana nan har yau. Ba ta fasa ba, ta sake kwancewa ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, har ta tabbatar aikin ba zai cuci ɗan'uwanta ba. Sannan ta samo masa caja mai sauri, girmanta kamar bulo, ta yi mata mazauni a ƙarƙashin kujera. Da ita, kafin mutum ya ci tuwo ya yi salla ya ɗan kishingiɗa, batir ya ɗauki abin da zai kai shi nesa.

Da Kallamu ya zo ɗauka, maimakon godiya sai faɗa. Ya ce ta farke masa babur, ta ɓata masa garanti.

Ta ce, "Ranar da ka matsu, ka hau garantin ya kai ka gida. Saurara, kai sarkin nawa. Cajar nan tana son wuta mai ƙarfi. In ka ga fitilarta ta yi ja, batir ne ya yi zafi, kada ka matsa masa sai ya huce. Kuma kada ruwa ya shiga soket."

Ya ce ya ji. Amma don haushi bai taɓa jona ta ba ko sau ɗaya, ya bar ta a ƙarƙashin kujera tana shan ƙura.

Aka ci damina aka shiga kaka, lokacin da rana take dukan mutum kamar tana da tsohuwar gaba da shi. Matar Kallamu, Hansai, tana ɗauke da tsohon ciki, na fari bayan shekarun da suka yi suna roƙon Allah. Ran nan da safe ta fita bayan gida tsinkar wake, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Aka kai ta ƙaramin asibitin ƙauye. Malamin asibiti ya duba, ya ga jini ya fara tsattsafowa daga dasashinta, ya ja Kallamu gefe. Ya ce allurar kashe dafin babu ita sai a babban asibitin birni, ya riga ya yi waya an ce akwai. Amma ruwan bana ya cinye gada, mota ba ta ƙetarewa sai babur a kan katako, kuma mace mai wannan ciki da jini yake zuba ba za ta jure jijjigar hanya ba. Sai dai a je a kawo. Ya ce in allurar ta iso kafin duhu akwai fata, ga uwa ga abin da ke cikinta.

Ranar kasuwar mako ce, duk masu babur sun watse. Kallamu ya hau Munafuki ya ba shi wuta. Ya isa birni bayan azahar, aka ba shi allurar cikin filas. Ya duba batir ya ga saura rabi, ya ce rabi ya kawo ni, rabi zai mai da ni. Har ya wuce ta bakin layin shagon Suwaiba bai tsaya ba. Kun ga mutumin da bai taɓa gaggawa ba, ranar da ya fara sai ya yi ta ba bisa ƙa'ida ba. Ya manta abin da kowa a Rafin Marke ya sani, cewa zuwa birni gangara ce, komawa kuwa hawa ne da yashi.

Bayan ya ƙetare katakon, a daidai wani ɗan ƙauye da ake kira Gidan Aduwa, babur ya yi sanyi ya tsaya. Mazan garin duk suna kasuwa da baburansu. Kallamu ya shiga turawa, gumi yana shiga masa ido, sai ya hango allunan sola a kan wani rufi. Ya yi sallama a ƙofar gidan. Wata mata ta leƙo daga zaure, sunanta Atika. Sana'arta ƙyanƙyasar ƙwai da inji. A lokacin injin cike yake da ƙwan zabi da ta tattara duk damina, nata da na matan unguwa da suka ba ta amana, har an fara jin 'yan tsaki suna motsi a cikin ɓawo.

Kallamu ya faɗa mata abin da ke tafe da shi, ya ɗaga kujera ya nuna mata cajar Suwaiba. Atika ta dubi cajar, ta ɗaga kai ta dubi rana da ta riga ta karkata. Ta san kayanta sarai. A wannan lokaci allunan ba sa kawo wutar kirki, abin da batiranta suka tara shi ne zai riƙe ɗumin ƙwan har gari ya waye, kuma wannan caja za ta shanye shi tas. Mai gidanta ba ya nan balle ta yi shawara. Ta shiga ɗaki ta tsaya a kan injin tana jin kukan tsakin, sannan ta zare fuloginsa ta jawo waya har zaure.

Ta ce, "Jona, bawan Allah. In mai gidan ya dawo ni zan yi masa bayani, matan unguwa ma ni zan tare su."

Ya jona, fitila ta yi kore, ya ce alhamdu lillahi. Bai rufe baki ba ta koma ja, caja ta ɗauke. Babur ɗin ya sha gudu cikin rana tun safe, gidan batir ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. Kallamu ya tuna maganar Suwaiba, cewa kada ya matsa wa batir sai ya huce. To a wannan zafi, kafin ƙarfe ya huce da kansa ai an yi isha. Ya zube a ƙasa da filas a ƙirjinsa ya fashe da kuka, ƙato da shi, bai ko ji kunyar matan da suka fara taruwa ba.

A cikinsu akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, Iya Hajara. Ita ce mai randar da ke gindin aduwa a bakin hanya, wadda matafiya ke sha sadaka. Da gwiwoyinta masu ciwo take ɗebo ruwan daga rijiya mai nisa, tulu bayan tulu, tun da asuba. Ta matso ta ɗora bayan hannunta a jikin batir kamar mai duba jika.

Ta ce, "Ɗan nan, tashi ka share hawaye. Zazzaɓi ne ke damun abin nan, kuma mun san maganin zazzaɓi."

Ya ce, "Iya, an ce kada ruwa ya shiga nan," ya nuna mata soket.

Ta ce, "To ba zai shiga ba."

Ta sa aka tura babur ɗin inuwar zaure ta inda iska ke ratsawa. Ta kife ƙoƙo a kan soket, ta jiƙa buhunan algarara ta matse su, ta naɗe gidan batir kamar yadda take naɗe tulu don ruwa ya yi sanyi, ta ɗauki faifai ta shiga fifita. Buhu ya ɗumama ta sauya wani. Da buhunan suka kasa, ta cire mayafinta ta tsoma. Can sai fitila ta koma kore. Kallamu ya ce wa Iya ta huta haka, ta ce a'a, abin da ke cin abinci da sauri haka jikinsa zai sake ɗaukar zafi. Haka ta yi ta yi, matan suna karɓarta tana ƙwacewa don ta ce ba su iya ba, har randa ta ƙafe ƙaf, har hannunta ya daina ɗaguwa. Daidai nan batiran Atika suka yi ƙara suka mutu. Kallamu ya duba, ya ga abin da ya shiga zai kai shi gida.

Ana kiran magariba ya shiga Rafin Marke, kuma ranar ce kaɗai aka ji zuwan Munafuki, don mai shi tun daga bakin gari yake kwala wa malamin asibiti kira. Aka ɗaura wa Hansai allura. Jini ya tsaya, kumburi ya saɓe a hankali, abin cikinta ya ci gaba da motsi. A Gidan Aduwa kuwa, Atika ta lulluɓe ƙwanta da barguna, ta rarraba wasu a ƙarƙashin kajin maƙwabta, amma 'yan kaɗan ne suka fito. Iya Hajara ta yi kwanaki ba ta iya ɗaga hannu ta kai loma baki, sai jikarta ke ba ta.

Da Hansai ta miƙe, Kallamu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da buhun riɗi da godiyar da baki ba ya iya ƙarewa. Atika ta ce ya bar zancen, zabi za su sake yin ƙwai baɗi. Iya Hajara ta ce ita ruwa kawai ta zuba, ruwa kuwa na Allah ne. Suwaiba ta karɓi riɗinta ta ce saura garanti, ya kawo ta jiƙa masa ya sha. Ya yi dariya, sai ya ga tabon yatsanta, dariyar ta koma hawaye.

Bayan an gama girbi Hansai ta sauka lafiya, ta haifi 'ya mace. Ana gobe suna ta ce wa mijinta, "Malam, yarinyar nan ba za ta ci sunan kowa ba sai na ɗaya daga cikin matan nan uku. Ka zaɓa, ni duk wadda ka zaɓa uwata ce."

Kallamu ya fita zaure wurin 'yan'uwa, nan fa gardama ta kaure. Wani ya ce Suwaiba, domin ba don aikinta ba, da wutar Atika da ruwan Iya duk ba su da inda za su shiga, kuma na'urarta ce ta hana batir kamawa da wuta. Aka ce masa ai ita 'yar gida ce, kuma ranar da ta yi aikin ba ta san rai za ta ceta ba. Wani ya ce Atika, don ba ta san shi ba, ba ta san Hansai ba, ta ji kukan tsakinta da kunnenta kuma ta zare fulogi. Aka ce masa da wutarta da cajar duk sun tsaya cik, mutum yana ƙasa yana kuka, sai da tsohuwa ta zo. Wani ya ce to Iya Hajara, wadda ba ta da komai sai ruwa da ƙarfin hannu, ta bayar da su duka. Aka ce masa fifita babur ba ta cika batir.

Kallamu yana zaune yana jin su. Duk wadda aka ambata sai ya ji zuciyarsa ta ce ita ce, har a ambaci ta gaba. Ga rago a ɗaure, ga goro an rarraba, ga su ukun duk sun aiko cewa suna tafe da safe.

Na ga bakin wasunku yana motsi. Kada wanda ya ce min a jera wa jaririya suna uku, ko a jira Hansai ta haifi wasu biyu, wannan na Allah ne. Gobe da safe liman zai sunkuyo ya tambayi Kallamu, kuma suna ɗaya zai faɗa masa a kunne.

To ku da kuka ji yadda aka yi, tsakanin Suwaiba da Atika da Iya Hajara, sunan wa ya kamata yarinyar nan ta amsa har tsufanta?