Saurayin da Ya Ƙi Gaida Baba

Akwai wata mai bincike a jami'a, aikinta nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke gane fuskokin mutane. A gida Dakta ake kiranta.

Ƙanwarta Auta tana da saurayi kafinta. 'Yan unguwa sun sa masa suna Gwamna, don sai ya wuce ka a hanya ko ci kanka bai ce ba.

Ran nan Baba ya shigo rai a ɓace.

"Yaron nan ya kalle ni ido cikin ido a bakin titi, ya wuce abinsa! Tun ban ba shi 'ya ba ke nan. Maganar aure na janye."

Auta ta shige ɗaki tana kuka.

Ita ma Dakta ya taɓa wuce ta haka, kuma ta ji haushi. Amma ta tuna wani abu. Da zarar ka yi masa magana, sai ya rusuna da sauri, kamar lokacin ka iso.

"Baba, ka ara min shi zuwa jibi."

"Girman kan nasa za ki auna?"

Ta zaunar da Gwamna gaban kwamfuta a ɗakin bincikenta. Ta riƙa nuna masa hotunan fuskoki zalla, babu hula, babu ɗankwali.

"Wace ce wannan?"

Ya ƙura ido har ya gaji. "Gaskiya ban san ta ba."

Hoton Auta ne. Ita kuwa Auta, da ta biyo su, tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Lallai ma!"

Nan take ya waiwayo fuska a sake. "Auta! Yaushe kika zo?"

Dakta ta yi masa bayani cewa idonsa lafiya lau, ƙwaƙwalwarsa ce ba ta riƙe fuska, kuma ba shi kaɗai ba ne a duniya.

Ya ce, "Yaya, ni na ɗauka kowa haka yake fama. Da murya nake gane mutum, ko da tafiyarsa."

"To ni fa?" in ji Auta, har lokacin tana tura baki.

"Ke ai tun daga lungu nake jin takunki."

Ta rufe fuska da mayafi.

Dakta ta kai wa Baba bayanin. Washegari ya taka har shagon Gwamna, ya tsaya a kan garin katako, ya yi gyaran murya.

"Gwamna, ni ne. To gaishe ni."

An yi auren. Gwamna ya zama na farko a sabon binciken Dakta. Baba kuwa har yau in ya hango surukinsa, tun daga nesa yake fara tari.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukuncin girman kai kafin ka san abin da yake fama da shi. Ku tura wa wanda ke fushi saboda gaisuwa.