Sa'adatu Uku, Kujera Ɗaya

Ku gyara zama. Kai Nafi'u, kife wayar nan a kan tabarma, ba gudu za ta yi ba. Alhaji Bawale, a bar zancen takin nan haka, tun la'asar ake yinsa kuma farashi bai sauko ba. Yau ni na zo da magana, kuma na san sai kun yi mini dariya kafin ku ji tausayina. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da aikin gona a sakandaren garin nan, ban taɓa kawo muku kukan aikina ba. To yau na kawo.

Wanda bai san gidan marigayi Tanimu mai albasa ba, na bakin fadama, ya saurara. 'Ya'yansa maza uku ne, Haladu da Isiyaku da Ɗanjuma, gida ɗaya, gona ɗaya, kwano ɗaya. Mahaifiyarsu Iya Sa'adatu tana nan da ranta. Wata shekara Allah ya ba kowannensu 'ya mace, duk cikin wata bakwai, kuma kowa ya kafe sunan uwarsa zai sa, ba mai bar wa ɗan'uwansa. Tunda ɗa ba ya buɗe baki ya kira sunan uwarsa gatsau, sai aka yi wa yaran laƙabi. 'Yar Haladu ta zama Uwani, 'yar Isiyaku Walida, 'yar Ɗanjuma kuma Ummita. Ranar da za su shiga firamare kakansu ne ya ja su da kansa. Da aka tambayi sunan uba, ya ce a rubuta nasa, ai duk nasa ne. Haka suka taso har ajin ƙarshe na sakandare, kowacce a takarda Sa'adatu Tanimu. Mu a rajista sai mu ce ta ɗaya, ta biyu, ta uku, mu wuce.

Farkon shekarar nan wata gidauniya a babban birnin jiha ta aiko da sanarwar gasa. A nemo matsala ɗaya ta garinku, a gwada maganinta, a rubuto. Rukuni biyu ne: na mutum ɗaya, da na ƙungiyar da ba ta wuce mutum uku ba. Duk wanda ya ci, za a ɗauki nauyin karatunsa a jami'a har ya gama. Ku kun san gidan nan, ba wanda a cikin iyayen uku zai iya kai 'ya jami'a da aljihunsa. In ba ta irin wannan ƙofa ba, karatu ya tsaya a nan.

Da na karanta sanarwar a aji, kowa ya hau ihun hanya da wutar lantarki da asibiti, kamar ɗan sakandare ne zai zuba kwalta. Uwani ce ta ɗaga hannu daga can baya ta ce, "Malam, albasa." Aji ya fashe da dariya. Yarinya ce marar magana, Turanci kuma yana ba ta wuya, ga shi kullum ita ake sawa tsince ruɓaɓɓiyar albasa a gida, don ita ba ta ƙorafi. Ashe shekara uku tana tsincewa tana lura. Ta ga albasar da iyayenta ke jibgewa a sabon ɗakin bulo mai rufin kwano, wanda suke alfahari da shi, kafin tsakiyar damina kusan rabi ta zama ruwa. 'Yar wadda Iya ke shanyawa a kan tsohon gadon kara a ƙarƙashin rumfa kuwa sai ta kai kaka lafiya lau. Ta ga ta tsakiyar tari ce ke fara lalacewa, ta kusa da tsagar bango kuma ta fi daɗewa. Ta taɓa faɗa wa babanta, ya ce ta je ta yi shara. Ranar nan bayan an tashi, ta tsuguna a bakin ofishina ta zana mini abin da ke kanta da tsinke a ƙasa: gadon kara a ɗora kan duwatsu, a tsakiyarsa a tsayar da dogon kwando marar gindi, a zuba albasa kewaye da shi, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Wallahi kunya ta kama ni. Ni da nake da takardar shaidar aikin gona, ina wuce warin albasar nan kowace damina, ban taɓa tsayawa na yi tambaya ba. In da Uwani ba ta gani ba, babu abin da za a gwada, balle a rubuta.

Amma zane a ƙasa ba aiki ba ne. Walida ce ta mai da shi aiki. Ita ce mai taurin kan gidan, in ta kama abu sai dai a yanke hannun. Ta sari kara, ta ɗauko duwatsu daga rafi a ka, ta kai wa masaƙi zane ya saƙa kwandon. Ta roƙi uwarta albasar gayaunarta, aka kasa gida uku, ɗari biyu-biyu: kashi ɗaya a ɗakin bulo, ɗaya a gadon Iya, ɗaya a sabon gadon. Sati uku da farawa, sabon gadon ya fi kowanne ruɓewa. Uwani ta zauna ta yi kuka, ta ce dama babanta ya faɗa, a bari kawai. Ni ma, in faɗa muku gaskiya, na sare. Walida ta zauna a gaban tarin nan mai wari, tana tsaga albasa ɗaya bayan ɗaya, har ta gano wuyansu bai bushe ba aka zuba su. Ta kwashe, ta wanke gado, ta sake farawa da albasar da wuyanta ya bushe. Wata huɗu, kowace Asabar, tana ƙirga mai kyau da ruɓaɓɓiya tana rubutawa, a daidai lokacin da 'yan ajinsu ke darasin share fagen jarrabawar fita. A makaranta har toshe hanci ake yi in ta wuce. Akwai satin da lissafi ya juya mana baya, ɗakin bulo ya fi namu kyau. Na ce mata, a hankali, "Wannan satin ko a tsallake shi?" Ta dube ni ta ce, "Malam, ai haka ya faru." Ban sake tayar da zancen ba. A ƙarshe sabon gado ya tsirar da albasa fiye da sauran biyun nesa ba kusa ba, kuma ga shaida a rubuce sati-sati. In da Walida ba ta jure ba, da tunanin Uwani ya ruɓe tare da tarin farko.

Sai dai alkalan gasa ba sa zuwa bakin fadama su shaƙi albasa. Takarda suke karantawa, da Turanci, shafi goma. Nan Ummita ta shigo. Kun san ta, bakinta ba ya hutawa, ita ke cinye mana muhawara duk shekara. Ta ɗauki zanen Uwani da littafin Walida mai dabbaren ruwan albasa, ta yi ta tambayarsu har suka gaji da ita, don ta ce ba za ta rubuta abin da ba ta gane ba. Sau biyar ta rubuta, sau huɗu ina bin rubutun da jan biro. Da aka kira mu birni kare aiki, ita na tafi da ita. Ɗakin taro cike da 'ya'yan manyan makarantu, wasu da injuna masu walƙiya, mu kuwa da hotuna shida da albasa biyu a leda. Wani farfesa mai furfura ya juya takardarmu ya ce shi bai yarda ba, wannan aikin malami ne aka manna wa sunan ɗaliba, a cire shi daga gasa. Ni ina zaune a baya, an hana malamai magana. Ummita ta nemi izini. Ta zaro albasa ɗaya, ta miƙa masa ta ce ya danna wuyanta. Ta ba shi ta biyu ta ce ya danna. Ta bayyana masa wadda za ta kai kaka da wadda ba za ta kai sati uku ba, da dalili. Ya tambaye ta satin nan da lissafi ya karkace, me ya sa. Ta ce, "Ba mu sani ba, shi ya sa muka bar shi yadda yake." Mutumin ya cire tabarau, ya dube ta, sannan ya rubuta wani abu. In da Ummita ta daburce minti ɗaya, da an jefar da wahalar wata huɗu a kwandon shara.

To ga inda za ku yi dariyar. Ni na cika fom ɗin shiga gasar. A wurin sunayen masu aiki na rubuta Sa'adatu Tanimu, Sa'adatu Tanimu, Sa'adatu Tanimu, layi uku reras, ban sa ta ɗaya ko ta biyu ba, don a kaina kowa ya san su. Akawun gidauniya ya gani, ya ce wannan malamin ƙauye bai iya cika fom ba, ya maimaita suna har sau uku. Ya goge biyu, ya jefa mu rukunin mutum ɗaya. Da takardar gayyata ta zo da suna ɗaya, na ɗauka wakiliya suke so. A gaban alkalai kuma Ummita "mu" take ta cewa, mun gwada, mun ƙirga, mun gani, su kuwa suka ɗauka kunya ce irin ta 'ya'yanmu da ba sa son cewa "ni". Yi dariyarka, Nafi'u, na cancanta.

Sati biyu da suka wuce wasiƙa ta iso: Sa'adatu Tanimu ta zo ta ɗaya a duk jiha. Aka yi guɗa a gidan har maƙwabta suka shigo. Sai da guɗa ta lafa Iya ta ce, "Wace Sa'adatun?"

Washegari na hau mota na tafi ofishinsu da takardun haihuwa uku. Shugabar shirin, wata Hajiya mai kirki, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta daina. Ta ce da a rukunin ƙungiya aka sa su, da wataƙila duk ukun sun samu, amma waɗancan kujeru an riga an ba wata makaranta, an sanar, yara har sun fara shiri. Ta ce a ƙa'ida ma soke namu ya kamata a yi, tunda ba aikin mutum ɗaya ba ne, amma ba za ta iya ba, don kuskuren har da na ofishinsu. Na roƙa a raba uku. Ta ce, "Malam, kujerar jami'a ba gona ba ce da za a ja mata iyaka." Ta ba ni sabon fom, da wurin sunan mahaifi da wurin manna hoto guda ɗaya. In ƙarshen wata ya yi ban mayar ba, kujera ta koma ga yaron da ya zo na biyu.

Sakamakon jarrabawar fita ya fito, kuma duk ukun sun sami abin shiga jami'a, sai dai ba daidai ba. Uwani da ƙyar ta haye Turanci, kuma ni na san in wannan ta wuce ta, babu wata gasa da za ta sake jin muryarta. Walida, wadda a da ita ke biye da mafi ƙoƙari a aji, ta sauko sosai, kuma kowa ya san Asabar ɗin da ta ba albasa ne suka ci makinta. Ummita ta fi kowa a makarantar. Wani zai ce ai ita za ta iya samun wata dama, wani ya ce ita ce za ta fi cin moriyar wannan. Ni dai na ga masu sakamako irin nata da yawa suna zaune a gida, damar ba ta zo ba.

Na kira yaran uku ɗaya bayan ɗaya, ina fatan wata za ta ce ta haƙura in huta. Uwani ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ban taɓa neman komai ba. Wannan ina so." Walida ta ce ita ba za ta roƙa ba, a duba littafin kawai a ga rubutun hannun wa ke ciki. Ummita, mai bakin nan, ta fashe da kuka. Da ƙyar ta ce in an ba ta ba ta san da wane ido za ta kalli 'yan'uwanta ba, in an hana ta kuma ba ta san yadda za ta yafe ba.

Iyayen uku, da suka shekara arba'in suna cin tuwo kwano ɗaya, yau kwana tara kowa a ɗakinsa yake ci. Aka kai wa Iya magana, ta ce ita ba za ta zaɓi ɗaya ta rasa biyu ba, a ƙyale ta ta mutu da jikokinta cikakku. Na kawo shawarar ƙuri'a, Walida ta ce ita ba ta yi wata huɗu a cikin wari don a jefa kwabo sama ba, kuma ban ga laifinta ba. Jiya Haladu, babbansu, ya tako har gidana da ƙannensa biyu, ya ajiye mini hotuna uku a tabarma. Ya ce, "Malam, kai ka rubuta sunan nan sau uku. Kai za ka rubuta shi sau ɗaya. Duk wadda ka sa, mun yarda."

Ga fom ɗin nan a aljihuna, ga hotunan. Jibi wata zai ƙare, motar birni kuma da hantsi take tashi. Ina son yaran nan duk ukun, kuma duk wadda na manna, biyu na zalunta, in ban manna kowa ba na zalunci uku. Alhaji Bawale, kai ne babba, kai za ka fara, sauran kuma kowa ya kawo dalili, ban son "Allah ya zaɓa" kawai, ai biron a hannuna yake. Wadda ta gani, da wadda ta jure, da wadda ta tsaya ta kare: wace ce a cikinsu ta fi cancanta in manna hotonta?