Warkin Nomau a Kan Tsamiya

Ku matso kusa da tabarma, kowa ya naɗe ƙafarsa. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya, kunnuwanmu na buɗe.

A wani gari da ake kira Tungar Kanya, an yi wani saurayi mai suna Nomau. Ƙarfi kam Allah Ya ba shi. Damin gero biyu yake ɗauka lokaci guda, ya jefa cikin rumbu ko nishi babu. Mutane suka yi ta ce masa, "Kai Nomau, da kokawa ka shiga, ai ba mai tsaya maka." Tun yana dariya har maganar ta zauna masa a rai.

Sai ya shiga shiri. Amma da wa yake gwadawa? Da buhun dawa. Ya rungume shi, ya ɗaga, ya maka da ƙasa. Kullum shi ke yin nasara, don buhu ba ya ramawa.

Da kaka ta yi, aka buga gangar kokawa. Sai ya je wurin uwarsa ya durƙusa.

"Inna, ki ba ni warkin Baba."

Warki kuwa, yara, fata ce da ɗan kokawa ke ɗaurawa a ƙugu. Wannan na marigayi ubansa ne, kuma shi kaɗai ya rage musu daga kayansa.

Ta ce, "Auta, ka san dokar fage?"

Ya ce, "Na sani."

Dokar ita ce, wanda aka kayar sau uku a taro ɗaya, sai ya kwance warkinsa a rataye a tsamiyar bakin fage. Ba zai sauke shi ba sai ya kayar da mutum ukun nan. In wata kakar ta wuce bai yi ba, warki ya zama na makaɗi, ya yayyanka ya ɗaure gangarsa.

Uwar ta ɗauko, ta shafa masa man shanu, ta miƙa masa.

Fage ya cika maƙil. Aka fara haɗa Nomau da Jatau, wani gajeren makiyayin raguna. Nomau ya dube shi ya ce, "Wannan ai bai kai rabin buhu ba." Sai ya sunkuyar da kai ya taho a guje. Jatau ya goce, ya ɗan tura masa ƙeya. Sai ga Nomau rub da ciki, baki cike da yashi.

Aka haɗa shi da Cindo, mai fito da mutane a kwalekwale. Wannan karon bai ruga ba. Ya tsaya ƙiƙam, ƙafafu a haɗe kamar tabarya. Cindo ya sa ƙafa ya taɗe shi. Tim!

Aka haɗa shi da Barmo, wani dattijo mai ja wa shanu ruwa a rijiya. Nomau ya cafke shi, ya ɗaga shi sama. Fage ya ɗauki ihu. Makaɗi ya saki kiɗa yana cewa, "Nomau giwa! Nomau na Inna!" Daɗi ya kama Nomau, ya waiwaya yana murmushi, hannunsa ya sassauta. Barmo ya zame ya dira da ƙafafunsa, ya kwashe shi. Tim!

Aka rataye warki a tsamiya. Makaɗi ya ɗaga kai ya ce, "Kai, fatar nan ta sha mai! Gangata na gaishe ka, Nomau."

Da Nomau ya koma gida ya kasa cin tuwo. Uwar ta ce, "Yaya aka yi suka kayar da kai?"

Ya ce, "Wallahi Inna ban sani ba. Ina tsaye sai na gan ni a ƙasa."

Ta ce, "To su ai sun sani. Ci tuwonka."

Da gari ya waye ya ƙulla goro a ganye, ya nufi wurin Jatau.

"Yaya Jatau, ga goro. Don Allah yaya ka yi ka kayar da ni?"

Jatau ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Duk waɗanda na kayar, gaba suke yi da ni. Kai ne na farko da ya kawo goro. Ai ba ni na kayar da kai ba, gudunka ne. Shiga garken nan."

Sai ya sakar masa wani rago mai tunkuyi. Rago ya taho, Nomau ya tare shi da ƙirji, ya sha ƙasa. Ya sake, ya sake sha. Ana nan ana nan, har ya iya jira sai rago ya iso, ya goce, ya kama ƙaho ya kwantar da shi. Kowace yamma kuma su kama kokawa da Jatau.

Da damina ta sauka, kogi ya kawo, sai ya ƙulla goro ya nufi wurin Cindo.

"Yaya Cindo, ga goro. Yaya ka yi ka kayar da ni?"

Cindo ya ce, "Kai da ƙafa biyu Allah Ya yi ka, amma da ɗaya kake tsayuwa. Hau jirgi."

Suka kai tsakiyar ruwa, Cindo ya ce ya miƙe tsaye, sai ya girgiza jirgin. Tsundum! Ya tsamo shi, ya sake girgizawa. Tsundum! Nomau ya sha ruwan kogi har cikinsa ya yi ƙato. A hankali ya koyi buɗe ƙafafu, ya sassauta gwiwa, ya sauke ƙugu. Har ta kai ko jirgi ya yi rawa, shi yana nan daram.

Da gero ya fara fitar da kai, sai ya ƙulla goro ya nufi rijiya.

"Baba Barmo, ga goro. Yaya ka yi ka kayar da ni?"

Barmo ya ce, "Ɗana, ai ka riga ka kayar da ni, sai ka tafi sauraron kiɗa. Karɓi igiya."

Ya ba shi babban guga. Nomau ya ja, guga ya kusa baki, sai Barmo ya ƙyafta wa 'yan matan da ke ɗiban ruwa ido. Suka ce, "Sannu Nomau ƙaƙƙarfa!" Ya waiwaya, igiya ta suɓuce, guga ya koma ƙasa. Barmo ya ce, "Shanuna ba sa shan kirari. Sake." Haka suka yi ta yi, har ya zama ko guɗa aka rangaɗa a kunnensa, ba ya ɗaga kai sai ya zuba ruwa a kwami.

Kaka ta zagayo. Nomau ya shigo fage da wani tsohon wando da ya datse. Makaɗi kuwa har ya wasa wuƙarsa ya soke a ƙugu.

Jatau ya fito ya ce, "Taho mana, giwa!" Nomau ya ƙi. Suka yi ta zagaya juna har Jatau ya gaji da jira, ya rugo da kansa. Nomau ya goce, ya kama shi kamar rago ya kwantar. Fage ya ce, "Ɗaya!"

Cindo ya fito. Ya kai taɗiya ta dama, ya ji kamar ya doki kututture. Ya kai ta hagu, haka. Yana ɗaga ƙafa karo na uku, Nomau ya kwashe ɗayar. Fage ya ce, "Biyu!"

Barmo ya fito. Suka sarƙe, ƙura ta tashi. Can sai Nomau ya samu ƙugunsa ya ɗaga shi sama. Makaɗi ya ga fata za ta kuɓuce masa. Sai ya matso har bakin kunnen Nomau yana dukan ganga kamar zai fasa ta. "Nomau giwa! Nomau zaki! Waiwayo ka ga Inna na guɗa!" Ko gezau. Nomau ya juya da Barmo, ya sauke shi a hankali har bayansa ya taɓa yashi, ya danne. Bai saki ba sai da Sarkin fage ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ya isa haka, ɗan nan, ka bar mana tsohon ya numfasa."

Fage ya kaure da sowa. Jatau da Cindo suka ɗaga shi a kafaɗa suka kai shi gindin tsamiya, ya miƙa hannu ya sauke warkin ubansa. Rana da ruwa sun busar da shi ƙamas. Uwarsa ta karɓa ta rungume, ta ce, "Ba komai, akwai sauran man shanu."

Sai Nomau ya juya wurin makaɗi ya ce, "Baba, ɗazu kamar na ga bakinka yana motsi. Maimaita mini, yanzu ina da sukunin ji."

Makaɗi ya mayar da wuƙarsa kube, ya gyara ganga, ya kaɗa masa har rana ta faɗi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare a nan. In an kayar da ku, kada ku tafi kuna fushi. Ku karkaɗe jikinku, ku je ku tambayi wanda ya kayar da ku yadda ya yi. Maza a tashi a shimfiɗa tabarma.